Filin Tambaya da Amsa: Ko tsohuwar a-kori-kura za ta iya komawa mai ja da ƙafa huɗu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux wadda na gada daga mahaifina. Injinta lafiya lau yake, bodinta ma babu ruɓa, sai dai da ƙafafun baya kaɗai take ja. Hanyar da nake bi zuwa gona tana da wani kwari da ke cika da taɓo idan damina ta zauna, a gabansa kuma akwai rairayi, kuma bara sau uku tana kafewa har sai da aka kawo tarakta ta jawo ni. Wani makanike ya ce zai iya mayar mini da ita mai ja da ƙafa huɗu idan na sayo aksul ɗin gaba da giyar taimako. Shin hakan yana yiwuwa, kuma kana ba ni shawarar in yi? Ba na son rabuwa da motar.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Aikin yana yiwuwa, kuma an daɗe ana yin sa. Kafin manyan kamfanonin motoci na Amurka su fara ƙera a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu da kansu, wasu ƙananan kamfanoni ne ke karɓar mai ja da baya su sauya ta. Kamfanin Marmon-Herrington ya riƙa yi wa motocin Ford wannan aiki tun cikin shekarun 1930, har zuwa 1959 lokacin da Ford ta fara fitar da nata daga masana'anta. Kamfanin NAPCO ya sayar da cikakken kayan sauyin na motocin Chevrolet da GMC a shekarun 1950, a Faransa kuma kamfanin Dangel ya fara mayar da Peugeot 504 mai ja da ƙafa huɗu daga 1980. Abin lura shi ne waɗannan kamfanoni injiniyoyi suke da su, kuma kowane ƙarfe da suka ɗaura sun auna shi ne domin ƙira guda ta mota. Kai kuwa da kayan da aka ciro daga wata motar za a yi maka aiki, don haka abin tambaya shi ne ko kayan za su yarda da juna, su kuma yarda da shasin motarka.

Abubuwa biyun da makanikenka ya ambata mafarin lissafi ne kawai. Hanya mafi sauƙi ta ganin sauran ita ce mu bi ƙarfin inji daga inda ya taso har inda ya taɓa ƙasa. A motarka yanzu, ƙarfin yana fita daga inji ya shiga giyabos, daga nan farfela guda, wato dogon sandan ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, ta kai shi aksul ɗin baya, ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu yana juya su. A mai ja da ƙafa huɗu, ana ɗaura wani ƙaramin akwati a bayan giyabos wanda ke raba ƙarfin gida biyu, kashi ɗaya ya tafi baya, ɗayan ya juyo gaba ta wata farfela ta biyu. Wannan akwati shi ne giyar taimakon da ake magana. Matsalar ita ce giyabos ɗin mota mai ja da baya yana da doguwar wutsiya da dogon sandan fitar da ƙarfi a cikinta, kuma babu wurin da akwatin zai zauna a jikinsa. Dole ne ko dai a sayo giyabos ɗin mai ƙafa huɗu gaba ɗaya, ko a kwance naka ɗungurungum a canza sandan da wutsiyar, wanda aiki ne da ya kai sabunta giyabos ɗin wahala. Akwai hanya ta uku da aka yi amfani da ita a wasu tsofaffin motoci, kamar Ford F-250 na kafin tsakiyar 1977, inda akwatin ke zaune shi kaɗai a kan shasi, wata gajeriyar farfela tana haɗa shi da giyabos. Wannan dabara tana buƙatar mota mai tsawo, domin a gajeriyar mota farfelar baya takan gajarce har ta karkata fiye da kima.

Da zarar akwatin ya hau, ƙananan ayyuka sukan biyo baya kamar jela. Ƙarfen da ke ratsa shasi yana tallafe giyabos sai an canza shi ko an matsar da shi, a huda ƙasan mota domin sandar giyar taimako ta fito kusa da direba, a gajarta farfelar baya a kuma daidaita nauyinta don kada ta riƙa girgiza, wayar agogon gudu ta koma jikin akwatin, salansa kuma sau da yawa sai an lanƙwasa ta ta kauce wa farfelar gaba. Babu mai wuya a cikinsu, amma kowanne yana cin kuɗi da kwanaki.

Inda gizo ke saƙa shi ne gaban motar. Toyota ta fara fitar da Hilux mai ja da ƙafa huɗu a 1979, da aksul guda mai ƙarfi a gaba wanda ke rataye a kan sifirin mai falle-falle, irin na baya. Mai ja da baya ta wancan zamani kuwa kowace ƙafar gaba tana da hannuwanta, tana hawa da sauka ita kaɗai, kuma babu wani rami a tsakiyar ƙafar da sandan juyawa zai ratsa. A kasuwar Amurka an sauya gaban mai ƙafa huɗu a 1986 zuwa tsarin da kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai, amma a ƙasashe da dama an ci gaba da aksul guda ɗin har zuwa 1997. Ko wanne tsari ka zaɓa, shasin motarka ba a ƙera shi domin ya karɓe shi ba. Mai ja da baya tana zaune ƙasa-ƙasa, kuma a daidai wurin da tulun aksul ɗin gaba, wato kumburin da giya ke ciki, zai zauna akwai ƙarfen da ke riƙe da hannuwan ƙafafu, a samansa kuma ga kaskon baƙin mai na inji. Sai an yanke duk maƙalan tsohon tsarin, a yi waldar sababbin maratayan sifirin, a ƙarfafa shasin a wuraren da nauyi zai koma, a ɗaga motar yadda aksul ba zai doki kaskon mai ba idan ta faɗa rami, sannan a sake tsarin sitiyari gaba ɗaya, domin akwatin sitiyari da sandunansa na mai ja da baya ba za su kai ga sabon aksul ɗin yadda ya kamata ba.

Ina so ka tsaya a kan wannan batu na walda, domin a nan ne aikin ke tashi daga batun kuɗi ya koma batun rai. Idan maratayin dama ya gota na hagu ko da da faɗin yatsa ne, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Akwai kuma wani ɗan kwanciya da ake yi wa aksul ɗin gaba zuwa baya, na digiri kaɗan, wanda shi ne ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Idan aka ɓata wannan kwanciya, wanda yakan faru idan mai walda ya juya aksul ɗin don farfela ta miƙe, motar za ta riƙa yawo a kan hanya, wani lokaci kuma idan ƙafa ta doki rami a guje sai gaban motar ya kama kaɗawa da ƙarfi har sitiyari ya nemi ƙwacewa daga hannu. Na taɓa zama kusa da direba a wata a-kori-kura da aka yi wa irin wannan aiki, muna cikin gudu ƙafar dama ta taka wani ɗan tsagi a kwalta, nan take madubi da murfin inji suka ɗauki rawa, hannuwan direban suna karkarwa tare da sitiyarin har kafaɗa, kuma abin bai lafa ba sai da ya rage gudu kusan tsayawa. Da muka leƙa ƙasa, waldar ta yi kyau a ido, santsi kamar an zana ta, awon ne ba a yi ba.

Abu na gaba da ake yawan mantawa shi ne lissafin haƙoran giyar da ke cikin tulun aksul. A cikin kowane tulu akwai babbar giya mai kama da faranti da ƙarama da ke juya ta. Idan babbar tana da haƙora 41, ƙaramar tana da 10, farfela za ta juya sau 4.10 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Idan ƙaramar tana da haƙora 9 kuwa, lissafin ya zama 4.56. Wajibi ne na gaba da na baya su zama ɗaya, saboda giyar taimako irin ta waɗannan tsofaffin motoci tana ɗaure farfela biyun su juya tare babu sassauci. Ɗauka an sa 4.10 a gaba alhali na baya 4.56 ne: a duk mita 100 da ƙafafun baya suka ci, na gaba suna neman cin mita 111, kuma wannan bambanci dole ya fita ta wani wuri, ko taya ta ja ƙasa, ko kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke ba ta damar karkata, ya karye, ko haƙoran akwatin su zube. Motoci masu ja da baya galibi lissafinsu ya bambanta da na masu ƙafa huɗu, don haka ka sa a ranka cewa aksul ɗin baya ma zai canza.

Kana iya gwada naka da kanka. Ka tsayar da motar a wuri mai baje, ka tokare ƙafafun gaba da duwatsu ko katako, ka sa giya a furi, ka saki birkin hannu, ka ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak ɗayar tana ƙasa. Ka yi alama da alli a jikin taya da jikin farfela, sannan wani ya juya tayar zagaye biyu cif kai kuma kana ƙirga juyin farfela daga gefe, ba tare da ka shiga ƙarƙashin motar ba. Adadin da ka samu shi ne lissafin aksul ɗinka. Idan ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya, to 4.10 ne, idan huɗu da rabi ne kuma 4.56.

Akwai kuma batun ƙafafu. Yawancin tsofaffin Hilux masu ja da baya noti biyar ne ke riƙe da kowace ƙafa, masu ƙafa huɗu kuma noti shida. Idan ka canza gaba kaɗai, za ka riƙa yawo da safaya biyu. Birkin gaba zai zo tare da sabon aksul, kuma dole a tabbatar famfon birkin motarka ya dace da shi, domin motar ta ƙara nauyi, tayoyinta kuma sun ƙara girma. A duba kuma gefen da tulun aksul ɗin gaba yake, dama ko hagu, ya zo daidai da gefen da akwatin ke fitar da farfelar gaba. Na ga wanda ya sayi biyun daga motoci daban-daban, sai a ranar ɗaurawa aka gane cewa kowanne yana kallon nasa ɓangaren.

Saboda duk wannan, idan ka nace sai ka yi, kada ka sayi kaya ɗaiɗai. Ka nemi cikakkiyar Hilux mai ƙafa huɗu ta zamani ɗaya da taka, wadda injinta ya mutu ko bodinta ya lalace amma ƙarƙashinta lafiya, ka saye ta a matsayin motar yanka. A jikinta za ka samu giyabos da akwati da farfela biyu da aksul biyu masu lissafi ɗaya, har da ƙananan ƙarafa da notuna waɗanda ba wanda ke tunawa da su sai an neme su an rasa. Mafi kyau ma, idan shasinta bai lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta ci shi ba, a ɗauke bodin motar mahaifinka da injinta a ɗora a kansa, maimakon a yanka naka. Ta haka awon masana'anta yana nan yadda yake, abin da za a gyara bai wuce mazaunin bodi da wayoyi da ramin sandar giya ba. Sai dai lambar shasi tana cikin takardun mota, a ƙasashe da yawa ma ita ce shaidar motar a wurin hukuma, don haka ka je ofishin rajistar motoci da kamfanin inshorarka kafin a kwance noti ko ɗaya, ka kuma tabbatar motar yankan tana da takardunta na halal.

Ka tambayi shawarata, ga ta. Idan amfanin ƙafa huɗun kawai kake nema, sayar da taka ka cika kuɗi ka sayi wadda aka ƙera haka tun daga masana'anta ya fi sauƙi, ya kuma fi aminci, domin motar da aka sauya ba ta cika mayar da abin da aka kashe mata ba a ranar sayarwa. Amma tun da motar gado ce kuma ba ka son rabuwa da ita, ka fara gwada gyara mai rahusa na damina ɗaya. A-kori-kura marar kaya bayanta ba shi da nauyi, shi ya sa ƙafafun da ke ja suke sulɓi, don haka ɗora buhunan yashi a daidai saman aksul ɗin baya yana kawo sauyi mai yawa. Ka sa tayoyi masu manyan ƙwayoyi na taɓo. Idan za ka shiga rairayi ka rage iskar taya yadda za ta baje a kan ƙasa, ka tafi a hankali ba tare da juya sitiyari da ƙarfi ba, ka mayar da iskar da zarar ka fita. Babban gyaran kuma shi ne na cikin tulun baya. Giyar da ke ciki an yi ta ne don ta bar ƙafafu biyu su yi gudu daban-daban a kwana, kuma illarta ita ce idan ƙafa ɗaya ta samu santsi sai ta yi ta wulwulawa ɗayar tana tsaye. Akwai irin da ke rage wannan sulɓi, akwai kuma mai makulli da ke ɗaure ƙafafun biyu su juya tare. Mota mai ja da baya da ke da wannan makulli da tayoyi masu kyau tana wuce wurare da dama da ake zaton sai mai ƙafa huɗu. Idan bayan wannan kwarin bai daina riƙe ka ba, sai ka fara neman motar yanka da hujjarka a hannu.

TAMBAYA: Malam, ni an riga an yi wa tawa wannan aiki. Amma idan na sa giyar taimako a kan kwalta, sitiyari yakan yi tauri a kwana, tayoyi su riƙa ƙara, sandar giyar kuma ta ƙi fita. Aikin ne bai yi ba?

AMSA: Malam, wataƙila aikin lafiya yake, amfanin ne aka yi ba a wurinsa ba. A duk kwana, ƙafafun gaba suna zagaye mafi faɗi fiye da na baya, don haka suna buƙatar cin ƙasa mai yawa. Akwatin da aka ɗaura maka ba ya ba su wannan dama, domin ya ɗaure gaba da baya wuri ɗaya. A kan taɓo ko rairayi taya takan ɗan sulɓe ta sauke bambancin ba tare da ka ji ba, amma a busasshiyar kwalta babu sulɓi, sai ƙarafan su murɗe kamar igiya, abin da ke taurara sitiyari ya kuma matse sandar giya. Idan ta ƙi fita, kada ka doke ta. Ka ja da baya a miƙe na wasu mitoci kana ɗan taɓa sandar, ko ka sauka da ƙafafu biyu gefen hanya inda ƙasa take da laushi, za ta saki. Daga nan ka daina sa ta a kan kwalta.

Abin da zai nuna laifin aiki shi ne idan taurin yana zuwa ko kana tafiya a miƙe. A nan sai a gwada lissafin aksul biyun kamar yadda na bayyana a sama, a kuma duba tayoyi, domin huɗun dole su zama girma ɗaya, kuma sabuwar taya a gaba da suɗaɗɗiya a baya ma suna kawo ɗan bambanci. Idan kuma girgiza kake ji da ke ƙaruwa da gudu, a duba karkatar farfela da yadda aka jera kuros ɗinta na gaba da na baya, domin idan aka zare farfela aka mayar da ita a gurguje bakunan biyu sukan saɓa.

Giyar taimako tana da mataki biyu, kuma mutane da yawa suna ruɗa su. Na sama yana haɗa ƙafafun gaba da na baya ne kawai, gudun mota bai canza ba. Na ƙasa yana rage gudu ya ninka ƙarfi. A akwatin tsofaffin Hilux mai aiki da haƙora ninkin ya kai 2.28, shi ya sa motar ke rarrafe a hawa mai tsauri ba tare da an ƙona kuloci ba. Ana shiga na ƙasa ne mota tana tsaye. Idan ƙafafun gabanka suna da makullan hannu a tsakiyarsu, ka buɗe su a tafiyar yau da kullum don farfelar gaba ta huta shan mai ya ragu, amma sau ɗaya a wata ka kulle su ka yi tafiyar wasu kilomitoci domin mai ya zagaya cikin tulun.

TAMBAYA: Tawa ba tsohuwa ba ce sosai, otomatik ce kuma tana da kwamfuta. Aikin zai fi sauƙi?

AMSA: Ta wani gefen zai iya fin sauƙi, domin wasu kamfanoni suna ƙera mai ja da baya a kan shasi iri ɗaya da na mai ƙafa huɗu, kamar Toyota Tacoma PreRunner da ta fito a 1998 da tsayi da noti shida irin na mai ƙafa huɗu, kuma a irin wannan mota yanka da walda kaɗan ne. Wahalar ta koma wayoyi. Kwamfutar da ke sarrafa giya tana karanta gudu daga na'urar da ke bayan giyabos, birki mai hana ƙafa daskarewa yana karanta kowace ƙafa, a sababbin motoci kuma ƙaramin injin lantarki ne ke shigar da giyar taimako maimakon sanda. Kafin ka sayi komai, ka leƙa ƙarƙashin motarka ka kwatanta da 'yar'uwarta mai ƙafa huɗu ta shekara ɗaya, ka ga ko mazaunin tulun gaba yana nan a jikin shasi, sannan ka tabbatar motar yankan za ta zo da damin wayoyinta da kwamfutocinta ba a yanke su ba.